Darasin Uwargida: Yadda Za Mu Shirya Bikin Suna Ba Bashi, Ba Saɓo

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Godiya ta tabbata ga Allah (S.W.T) wanda Yake bayar da 'ya'ya ga wanda Ya so. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu (S.A.W) da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Darasinmu na wannan fitowa ya shafi kowace ɗaya daga cikinmu, domin wadda ba ta haihu ba bana, to 'yarta ko ƙanwarta ko kishiyarta ko maƙwabciyarta za ta haihu. Haihuwa ni'ima ce, murna da ita kuma halal ce. Amma kowa ta san gidajen da aka tashi daga taron suna aka bar maigida da bashi, aka bar maijego da ciwo, aka bar dangi da gaba. Abin da ke jawo haka bai wuce biyu ba: rashin bambance abin da addini ya nema da abin da al'ada ta ƙara, sai kuma rashin shiri da wuri. A kan waɗannan biyun za mu yi magana.

Abin Da Shari'a Ta Nema

Idan muka koma hadisin da Samura ɗan Jundubu (R.A) ya ruwaito, za mu ga abubuwa uku ne ake yi wa jariri a rana ta bakwai: a yanka masa dabba, a aske masa kai, a sa masa suna.

Na farko, yanka. Shi ne aƙiƙa, wanda muka fi sani da ragon suna. Sunna ce a kan uba idan yana da hali, ba farilla ba ce. A mazhabar Malikiyya, wadda yawancinmu muka tashi a kanta, dabba ɗaya ake yankawa ko namiji aka haifa ko mace, kuma an ruwaito cewa Manzon Allah (S.A.W) ya yanka wa Hasan da Husaini rago ɗaya ɗaya. Malaman Shafi'iyya da Hambaliyya kuwa sun zaɓi biyu ga namiji, ɗaya ga mace, su ma da nasu hadisin. Duk wanda maigida ya bi, ba abin faɗa ba ne. Sharaɗin dabbar shi ne sharaɗin dabbar layya: lafiyayya, ba mai ido ɗaya ba, ba gurguwa ba, ba ramammiya ba. Tunkiya ta isar, akuya ma ta isar. Saboda haka 'yar'uwa, daina ɓata rai wai don ba a kawo rago mai ƙaho uban ubansu ba. Ba a sayar da naman, ba a kuma biyan mahauci ladansa da shi. A ci, a ba maƙwabta, a yi sadaka.

Na biyu, aski. Bayan an aske, an so a yi sadaka da azurfa ko zinariya gwargwadon nauyin gashin. Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa Nana Faɗima (R.A) ta auna gashin 'ya'yanta ta yi sadaka da azurfa daidai nauyinsa. Kun ga wannan sunna ce mai sauƙi ƙwarai, ba ta kai kuɗin turmin atamfa ɗaya ba, amma ita muka fi mantawa.

Na uku, suna. A zaɓi mai kyakkyawar ma'ana. Ya tabbata cewa sunayen da Allah Ya fi so su ne Abdullahi da Abdurrahman, kuma Annabi (S.A.W) yakan canza sunan da bai dace ba, kamar yadda ya mayar da Barra ta koma Juwairiyya. Ya halatta ma a sa sunan tun ranar haihuwa, domin shi kansa ya sa wa ɗansa Ibrahim suna a daren da aka haife shi.

Wata za ta tambaya: me ya sa idan aka haihu ran Litinin, sai wata Litinin ɗin ake suna, alhali kwana takwas ke nan? Dalili shi ne a Malikiyya ba a lissafa ranar haihuwa idan an haihu bayan fitowar alfijir, sai a fara ƙirga daga washegari. In kuwa kafin alfijir aka haihu, to wannan yinin yana cikin lissafi. Sauran malamai suna ƙirgawa da ranar haihuwar, shi ya sa za ki ga wasu gidajen sun yi ran Lahadi.

Abin Da Al'ada Ta Ƙara

To ina yinin suna? Ina anko, da kayan fitar suna akwati guda, da kayan barka, da rumfa da kujerun haya, da robobi da jakunkunan rabo masu hoton jariri? Duk waɗannan al'ada ce. Abin da zai ba wasunmu mamaki ma shi ne, a cikin Mukhtasar na Shaihu Khalil, littafin da malamanmu na zaure suke karantarwa, an karhanta mayar da aƙiƙa walimar da ake gayyatar jama'a kamar ta aure. Abin da aka fi so shi ne a dafa, mutanen gida su ci, a aika wa maƙwabta da mabuƙata. Wasu malaman sun ce babu laifi a tara mutane a kanta.

Ba muna cewa taron mata haramun ba ne. Zumunci ne, kuma al'adar da ba ta ci karo da Shari'a ba ba a hana ta. Abin da muke so a gane shi ne matsayinta: in an yi, madalla, in ba a yi ba, babu abin da ya ragu daga sunan yaro. Wadda ta gane haka za ta yi bikinta da kwanciyar hankali, ba da tsoron me mutane za su ce ba. Ma'aunin da Allah Ya ba mu yana cikin Suratul Furƙan aya ta 67, inda Ya yabi bayinSa da cewa idan za su kashe dukiya ba sa ɓarna, ba sa ƙwauro, tsaka-tsaki suke bi. A Suratul Isra'i aya ta 26 da ta 27 kuma Ya hana almubazzaranci, Ya danganta masu yin sa da shaiɗanu.

Shiri Tun Kafin Haihuwa

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Suna ya fi kowane biki ba da lokacin shiri, tunda wata tara ake ganin zuwansa. Amma sai mu zauna har a haihu, sannan a cikin kwana bakwai a nemi yin abin da ya kamata a yi a wata biyar. A nan ne ake sayen kaya da tsada, a nan ne ake cin bashi.

Tun ciki yana wata biyar ko shida, ki samu maigida lokacin da hankalinsa yake kwance, ba yana shigowa a gajiye ba, ku zauna da takarda da biro. Ki tambaye shi gaskiyar abin da zai iya, ki kuma yarda da amsar. Sannan ku jera buƙatu bisa wannan tsari:

1. Kuɗin awo da na haihuwa, da wani abu da za a ajiye a gefe ko da za a buƙaci jini ko tiyata ko mota cikin dare.
2. Abincin maijego da kayan jariri na dole.
3. Dabbar suna da sadakar aski.
4. Abincin baƙi.
5. Ɗinki da sauran kayan ƙawa.

Idan kuɗi ya gaza, daga ƙasa ake yankewa, ba daga sama ba. Abin takaici sau da yawa juya tsarin muke yi. Za ki ga mace ta kai leshi uku wajen tela, amma ranar naƙuda ana ta buga waya ana neman kuɗin allura. In kina adashi, ki daidaita kwasarki da watan haihuwa. Abin da ba ya lalacewa, irin su shinkafa, mai, gawayi ko itace, sabulu da kayan yaji, a riƙa saye kaɗan kaɗan. In ana da wurin kiwo, a sayi dabbar da wuri, musamman idan haihuwar za ta faɗo kusa da Babbar Salla lokacin da dabbobi ke tsada.

Game da bashi kuwa, mu ji tsoron Allah. An taɓa kawo gawa gaban Manzon Allah (S.A.W), da ya ji ana bin mamacin bashi sai ya ƙi yi masa salla da kansa, har sai da Abu Ƙatada (R.A) ya ɗauki nauyin biya. To yaya za a ci bashi saboda yini ɗaya? Matar da ta matsa wa mijinta har ya ciwo abin da ba zai iya biya ba, ita ce za ta zauna da ɓacin ransa bayan baƙi sun watse. Daidai ruwa daidai tsaki.

Gayyata Da Lissafin Abinci

Yawancin rikicin ranar suna daga rashin lissafin mutane yake tasowa. Ki rubuta gida gida: dangin miji, danginki, maƙwabta, 'yan makarantar Islamiyya, abokan aiki. Ki tuna mace ba ta zuwa suna ita kaɗai, da goyo take zuwa da 'yan rakiya, saboda haka ki ƙara kason yara. Kada ki manta da kwanukan da za a aika gidajen tsofaffi da marasa lafiya.

Masu girkin taro sukan ƙiyasta cewa kilo ɗaya na ɗanyar shinkafa yana ciyar da kimanin mutum takwas zuwa goma. Ke nan baƙi ɗari ba su buƙatar ko rabin buhu mai kilo 50. Abinci kala ɗaya ko biyu da ya ishi kowa ya fi kala biyar da wasu za su samu wasu su tashi da yunwa. Waina da miyar taushe, ko shinkafa dafa-duka, da zoɓo ko kunun aya mai tsabta, wallahi sun wadatar. A duba walimar Uwar Muminai Safiyya (R.A) a hanyar dawowa daga Khaibara, shekara ta 7 bayan Hijira: shimfiɗun fata aka baza, aka haɗa dabino da cuku da man shanu, shi ke nan. Walimar auren fiyayyen halitta ke nan fa.

Wa za a gayyata? Hadisi ya bayyana cewa mafi munin abinci shi ne na walimar da ake kiran mawadata a bar talakawa. Mu duba kanmu. Hajiya wance ana kai ta ɗaki a ajiye mata kaji a kula, ita kuwa maƙwabciyar da ta kwana tana wanke-wanke sai ƙanzo. Wannan ba tarbiyyar Musulunci ba ce. Ki ware kason mabuƙata da na masu aiki tun kafin a fara rabo.

Mu ma baƙi akwai namu. Wani sahabi da ake kira Abu Shu'aibu ya shirya abincin mutum biyar ya gayyaci Annabi (S.A.W), sai wani mutum ya biyo su. Da suka isa ƙofa, Annabi ya sanar da mai gida cewa ga wanda ya biyo su, in ya so ya yi masa izini, in ya so ya koma. To ina masu gayyar soɗi, a kira mace ɗaya ta cika mota da ƙawaye? Ina masu zuwa da leda a jaka?

Sai tsabta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗin kada dafaffen abinci ya wuce awa biyu a ajiye ba a kan wuta ba, ba a cikin sanyi ba. A garuruwanmu masu zafi, shinkafar da aka sauke da hantsi aka tura a leda har La'asar tana iya kwantar da gida guda. Gara a dafa kashi biyu. Ruwan da za a haɗa zoɓo da ƙanƙarar da za a saka su zama masu tsabta, a kuma ajiye ruwa da sabulu wajen wanke hannu.

Rabon Aiki

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma taron da kowa shugaba ne shi ma ba ya kyau. A naɗa mace ɗaya mai hankali da haƙuri ta zama uwar biki, kowa ya san ita ake tambaya. A ƙarƙashinta a samu mai kula da madafa, mai rabon abinci, mai tarbar baƙi da shimfiɗa, mai riƙe makullin ɗaki da rubuta gudummawa, da babbar yarinya ko biyu masu lura da yara. Wannan na ƙarshen kada a raina shi. Gidan suna cike yake da tukwanen ruwan zafi da murhu da mai a kan wuta, ga rijiya, ga ƙofa a buɗe. A rufe rijiya, a killace wurin girki.

In gidan akwai abokiyar zama, a ba ta girmanta, a shawarce ta tun farko. Sau da yawa ɗan abin da aka raina irin wannan shi ke zama gabar shekaru.

Maijego Da Jariri

Nan ne zuciyar darasin. Duk taron saboda mutum biyu ake yin sa, kuma su ne suka fi kowa rauni a ranar. Mace kwana bakwai da haihuwa, wataƙila an yi mata ƙari ko tiyata, ga rashin barci, amma a tashe ta tun asuba: kitso, lalle, kwalliya, canza kaya sau huɗu, gaisuwa da hotuna har dare. Haba jama'a!

Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa kimanin kashi uku cikin huɗu na jariran da ke rasuwa a watansu na farko, a makon farko suke rasuwa. Ta kuma ba da shawarar a duba uwa da jariri cikin awa 24 na farko, da kwana na biyu zuwa na uku, da tsakanin kwana 7 zuwa 14, sannan a mako na shida. Kun ga makon da muke ruɗewa da hidimar suna shi ne makon da ya fi buƙatar sa ido. Saboda haka:

A ware mace ɗaya, uwa ko gwaggo ko yaya, wadda ba ta da wani aiki sai maijego: cin abincinta, hutunta, shan maganinta.

Idan maijego ta ga jini mai yawa, ko zazzaɓi, ko matsanancin ciwon kai da gani dishi-dishi, ko kumburi da haki, a tafi asibiti ko da rumfa ta cika da baƙi. Haka jariri idan ya ƙi kama nono, ko jikinsa ya yi zafi ko sanyi ƙalau, ko numfashinsa ya canza, ko idonsa da fatarsa suka yi ɗorawa alamar shawara. Kada a ce bari a gama suna.

Kada jariri ya yi ta yawo hannu hannu. Mai mura ko tari ta yi barka daga nesa, mai ɗauka ta wanke hannu. A rage hayaƙin turaren wuta a ɗakin da yake.

Wanzami ya zo da sabuwar reza a buɗe ta a gabanku, domin ciwon hanta da cuta mai karya garkuwar jiki suna bin aska. Aski kawai sunna ta nema. Cire beli da tsaga ba sa cikinta, kuma likitoci sun daɗe suna gargaɗi a kan zubar jini da shigar ƙwayoyin cuta ta dalilinsu.

Nonon uwa zalla ya ishi jariri har wata shida, kuma kada a zubar da dakashi. Kada a ba shi zuma kafin ya cika shekara. Mai hawan jini ta nemi shawarar likita kafin ta dimanci kunun kanwa.

A tabbata an yi masa rigakafin farko na tarin fuka da shan inna da ciwon hanta.

Ranar Yini

A sa wa taro lokacin farawa da na tashi, a faɗa tun wajen gayyata. Aya ta 53 a Suratul Ahzab ta sauka ne a kan walimar Uwar Muminai Zainabu 'yar Jahshi (R.A), lokacin da wasu baƙi suka ci abinci suka zauna hira har abin ya takura Annabi (S.A.W), kunya ta hana shi magana. Sai Allah Ya koyar da muminai cewa in an kira su su shiga, in sun ci su watse. Ladabin baƙunta ke nan. Daga bayan Azahar zuwa kafin Magariba ya isa yini, kowa ta koma ta tarar da mijinta da 'ya'yanta.

Salla kuma fa? Maijego ce ke da uzuri, ba baƙi ba. A tanadi butoci da ruwa da wurin salla mai tsarki, in lokaci ya yi uwar biki ta tsayar da komai. Kwalliya ba uzuri ba ce. Ke ma maijego ki sani, da zarar jinin biƙi ya ɗauke, ko kafin arba'in ne, wanka da salla sun hau kanki.

Taron mata ya zama na mata. Abin kunya ne a ce an tara matan aure cikin ado, sannan a kawo namiji mai kiɗa ko mai ɗaukar hoto a tsakiyarsu, ana rawa ana liƙi. Yanzu kuma ga waya a hannun kowa: kafin a tashi, hoton matar mutane ba mayafi ya zaga WhatsApp da Facebook. Kada ki ɗauki kowa sai da izininta, kada ki yaɗa. Lasifika kuma a tuna da maƙwabta, akwai mara lafiya, akwai mai jarrabawa. Maimakon haka a gayyaci malama ta yi nasiha ta minti ashirin a kan tarbiyya, a yi wa yaro addu'a, a yi raha irin ta mata cikin mutunci.

Anko Da Ramuwar Biki

Anko in ya zama dole ya zama zalunci. Wata 'yar'uwar ba ta da kuɗin, sai ta ci bashi ko ta ƙi zuwa don kunya, zumuncin da aka taru dominsa ya yanke. In za a yi, a zaɓi mai sauƙin kuɗi, a kuma faɗa da gaske cewa wadda ba ta samu ba ta zo da abin da take da shi.

Haka gudummawa. Kyauta sunna ce, rama alheri ma sunna ce. Amma al'adar nan ta cewa na kai mata kaza, dole ta ninka mini, in ba ta ninka ba a yi gaba, ta fitar da abin daga kyauta ta mayar da shi kamar bashi mai riba, kuma malamai sun yi gargaɗi a kan haka. Ki bayar don Allah gwargwadon ƙarfinki. Rubuta gudummawa don godiya ne da addu'a, ba don bin bashi ba.

Bayan An Watse

Washegari a mayar da tukwane da tabarmi da kujerun aro, wanda ya fashe a biya. Abincin da ya rage a rabar tun a daren, kada a wayi gari a zubar. A share ƙofar gida da lungu. A bi waɗanda suka yi wahala da bangajiya. Maigida ya je ofishin Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ko asibitin da suke da wakili ya yi wa yaro rajistar haihuwa, tunda yanzu suna ya tabbata. Ita kuma maijego a ci gaba da leƙa ta, domin bayan suna ne gida ke yin shiru, a bar ta ita kaɗai da gajiya.

Tambayoyin Bita

Ana so a tattauna waɗannan a zaman ta'alimi na rassa:

1. Waɗanne abubuwa uku ne sunna ta tanada a rana ta bakwai?
2. An haifi yaro ran Alhamis da hantsi. Yaushe ne sunansa a lissafin Malikiyya?
3. Kawo alamomi uku da za su sa a kai maijego asibiti ko ana tsakiyar taro.
4. Wace al'adar suna ce ta fi takura mata a unguwarku, kuma me reshenku zai iya yi a kai?

Allah Ya raya mana zuriyarmu bisa tafarkin Musulunci, Ya sauki masu ciki lafiya, Ya ba masu nema, Ya sa albarka a tarukanmu. Allah ne Mafi sani. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.